Mang Ukar, Mai Yi wa Yara Kukan Kaciya

Shekara talatin da huɗu ina dafa abincin biki a ƙauyenmu, Cimuncang, kuma fiye da rabin bukukuwan nan na kaciya ne. Saboda haka ba wanda zai ba ni labarin Mang Ukar, wato Kawu Ukar a yarenmu. Shingen gora ne kawai tsakanin madafina da ɗakinsa. In ya yi tari ina ji, in na ƙona albasa ya sani.

Gajere ne mai faɗin ƙirji da manyan hannuwa, irin mutumin da in ka hango shi a kan kunyar gona za ka sauka ka ba shi hanya. Sai ya buɗe baki. Muryarsa ba ta girma ba. Tun yana ɗan shekara takwas ta tsaya inda take, siririya mai zaƙi, jikin ya yi gaba ya bar ta. Ranar da ya je gaishe da iyayen Bi Rumsih, wadda ya aura daga baya, ya yi sallama a ƙofa, uban ya amsa daga ciki, "Jang, kai yaro, koma ka ce wa wanda ya aiko ka ya zo da kansa." Da ya gwada tallar awara a kan keke, mata sukan fito da kwano suna neman yaron da ya yi kira, su ga ƙato da gashin baki, su koma ciki su rufe ƙofa.

Aki Sarmili, wanzamin garin, shi ya ga amfaninsa. Bai damu da muryar ba, hannuwan ya duba. Ya ɗauke shi aikin riƙon yara. A zamanin, da sassafe ake kai yaro tafki a tsoma shi cikin ruwan sanyi har leɓɓansa su yi shuɗi, wai don wurin ya mutu. Ba ya mutuwa. Daga nan Mang Ukar ya zauna a kan kifaffen turmi, ya ɗora yaron a cinya, ya harɗe masa ƙafafu da nasa, ya rufe masa ido da tafin hannu, wanzami ya yi aikinsa. Shekara ashirin da shida yana wannan. Ya bar haƙori ɗaya a ƙeyar wani yaro da yanzu direban bas ne, kuma a damatsansa akwai tabon cizo iri-iri, kowanne yana iya faɗa maka sunan mai shi.

Mu da muke waje, kukan yaron muke jira. Da an ji shi, mai yanka ya ja wuƙa a wuyan zakara, makaɗa su saki ganguna, a kunna nokawut mai ƙara kamar bindiga, ni kuma in ɗaga murfin tukunyar shinkafa. Ba a yin ko ɗaya kafin kukan. Kusa da ƙofa kuma Nini Ucih take shimfiɗa tabarmarta, tsohuwar da tun kafin a haife ni take sauraron kukan kaciya tana faɗin abin da yaro zai zama. Wanda ya kira uwarsa manomi ne, zai zauna a gida. Wanda ya kira sunan Allah zai yi malanta. Wanda ya zagi wanzami ɗan kasuwa ne. Wanda kuwa ya wage baki sauti bai fito ba sai bayan an gaji da jira, aikin gwamnati zai yi.

Da hannun Aki Sarmili ya fara rawa, shi da kansa ya naɗe wuƙarsa a tsumma ya ce a riƙa kai yaran ƙaramin asibitin da aka buɗe a bakin kasuwa. Likitar mace ce, Dokta Wiwin, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tara iyaye ta yi musu bayani. Ta ce allura ce 'yar ƙarama ake yi a gindin wurin, daidai inda jijiyar da ke kai zafi take wucewa. Yaro idonsa biyu, yana hira, amma wurin ya yi barci. Kuma ba lokacin yankan kaɗai ba, har awa biyar ko shida bayan an gama. Kafin allurar ta sake shi sai a ba shi maganin sha, in zafin ya zo ya zo da sauƙi. Kowa ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da hakan yake nufi.

Na farko da aka kai mata shi ne Opik, ɗan Kang Darso mai gyaran babur. Muka kwashi komai muka kai gaban asibitin, tukwane, ganguna, tabarmar Nini Ucih. Komar mahauci, wanda ya gaji yankan zakara daga ubansa, ya durƙusa ya take fikafikan da ƙafa, ya ɗora wuƙa. Mang Ukar ya naɗe hannun riga zai shiga, likita ta ce ya huta, ba a bukatar riƙo. Ya dawo ya tsaya kusa da tukunyata bai san inda zai sa hannuwansa ba.

Muka yi shiru muna jira. Muka jira.

"Ceu Entin, in yanka?" in ji Komar da ni.

"Ka ji kuka?"

"Ban ji ba."

"To me kake tambayata?"

Can sai labule ya ɗaga, ga Opik ya fito da ƙafarsa. Ya ɗage gaban zanensa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da alewa yana tsotsa. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mu ne abin kallon.

Nini Ucih ta yafuto shi. "Jang, an yi?"

"An yi, Nini."

"Ƙarya kake."

"Kina so ki gani?"

"Rufe, ɗan banza." Ta juya ga ubansa. "Ni ban ji komai ba. In ban ji ba, ba a yi ba."

Likita ta fito tana goge hannu ta ce an yi, kuma an yi da kyau. Rabin mutane suka ce a yanka, rabi suka ce zakaran da aka yanka ba kuka mushe ne ko da an yi bisimilla. Ana cikin gardama zakaran ya yi barci a ƙarƙashin ƙafar Komar. Har azahar ba a daidaita ba. Baƙin da suka zo daga nesa suka kama hanya da yunwa, shinkafata ta yi ƙanzo a rufe. Cikin wannan rikici uwar yaron ta manta da maganin shan da likita ta ce a ba shi. Sai da la'asar, kowa ya watse, allurar ta sake shi, Opik ya kwarma kuka. Komar ya baro tafkin kifinsa a guje da wuƙa ya yanka zakara, makaɗi ɗaya da ya rage ya buga sau uku ya tafi. Nini Ucih kuwa tana gida tana barcin rana, ba ta ji ba. Opik yanzu ya haura ashirin, ba ya aikin komai, uwarsa ta ce ta san dalili.

Bayan kwana biyu aka zauna a barandar mai gari, ni nake zuba kofi. Wani ya kawo shawara cewa in likita ta gama ta ɗan mintsini yaron.

Dokta Wiwin ta cire tabarau. "Shekara biyu na ƙara a birni ina koyon inda zan sa allura don kada yaro ya ji zafi. Yanzu in gama in mintsine shi?"

"Kaɗan dai, Bu Dokta. A kunne."

"A'a."

Wani ya ce to ta rage allurar zuwa rabi, a samu rabin kuka, za a yi maneji. Ta ce ba ta da rabin allura. Aka juya ga liman. Ya ce shi dai ya duba littattafansa bai ga inda aka wajabta kuka ba, amma gaskiya naman zakara ya fi daɗi da hantsi.

Kang Darso, wanda har lokacin haushin bikin ɗansa bai sake shi ba, ya ce yaran yanzu ne ba su da kunya. "Mu a zamaninmu, sau ɗaya muke cewa wash, shi ma don al'ada, mu tashi mu kakkaɓe zane."

Mang Ukar yana zaune can baya a kan matakala. Sai ya gyara zama, ya rufe ido, ya buɗe baki.

"Wayyo Ema, wayyo na tuba, ni na cinye gwandar Haji, ni ne, ba akuya ba ce, ku sake ni ba zan ƙara ba!"

Butar kofi ta kusa faɗuwa daga hannuna. Ba kwaikwayo ba ne irin na masu barkwanci. Yaro ne ɗan shekara bakwai a barandar yana kiran Ema, wato uwarsa, har da shessheƙar, har da majinar da ke katse numfashi. Komar ya kai hannu ƙugu yana laluben wuƙa. Kafin kowa ya yi magana sai ga mahaifiyar Kang Darso, tsohuwa mai sanda, ta fito daga gida na uku ba sandar, ɗankwali a hannu, tana tambayar wa ya taɓa mata Darso.

Nini Ucih ta ce, "Shi ne. Na tuna. Ranar na ce mai gyaran babur zai zama, lokacin ko babur babu a garin."

Ashe duk shekarun nan da kunnen Mang Ukar yake manne da ƙeyar yara, babu kukan da ya shiga ya fita. Duk suna nan a kansa, na kowa daban. Mai gari ya dubi likita. Ta mayar da tabaranta ta ce in dai ba yaronta za a taɓa ba, mu yi abin da muka ga dama.

Haka Mang Ukar ya samu sabuwar sana'a yana da shekara hamsin. Aka ajiye masa kujera a cikin ɗakin, bayan gadon. In likita ta gama sai ta buga ƙafa sau biyu a ƙasa, shi kuma ya saki kuka. Waje ya ɗauka, a yanka, a kaɗa, in ɗaga murfi. Kowa ya san shi ne. Nini Ucih ma ta sani, amma ta ci gaba da shimfiɗa tabarmarta tana faɗin abin da yaro zai zama. Da wani malamin makaranta ya tambaye ta yaya kukan wani zai nuna rabon wani, ta ce masa shi ma ranar tasa wage baki ya yi ba sauti, ga shi kuwa yana karɓar albashi.

Sai iyaye suka fara zuwa gidansa kwana biyu kafin biki, da sigari da 'yar ayaba, suna zaɓe. Wannan ya ce kukan babansa yake so a yi wa ɗansa, don abin ya zauna a gida. Wancan ya ce don Allah a sa sunan Allah a farko, suna son malami. Masu shaguna suka riƙa roƙo a zagi wanzami, ga shi babu wanzami, sai likita. Dokta Wiwin ta ce ta yarda a zage ta sau ɗaya a wata, ban da iyayenta.

Mang Ukar ya ɗauki abin da gaske. Ya daina shan ruwan ƙanƙara. Kullum da safe citta da zuma. Da farko a gida yake gwaji, har Bi Rumsih ta hana, don wata baƙuwa da ta zo sayen ƙwai ta koma garinsu ta ce akwai gidan da ake azabtar da maraya a Cimuncang.

"Ka tafi gona ka yi haukanka," in ji ta.

"Ba hauka ba ne, aiki ne."

"To ka tafi gona ka yi aikin."

Ya koma gonar shinkafa. Sau biyu mutanen ƙauyen da ke ƙetaren rafi suna fitowa da sanduna neman yaron da ya faɗa rijiya.

Su yaran kuwa, suna kwance wurin ya yi barci, ba abin da suke yi sai kallonsa. Wasu dariya suke har likita ta ce su daina girgiza. Wani ya ce, "Mang, ni ba haka nake kuka ba, ni ba na kiran Ema, babana nake kira." Mang Ukar ya tsaya a tsakiya ya gyara. Wani ya roƙe shi ya sa a cikin kukan cewa a saya masa keke. Ya sa, uban yana waje yana ji a gaban jama'a, aka sayi keken.

Sau ɗaya abin ya ɓaci sosai. Wani attajiri mai neman kujera ya shirya kaciyar gayya, yara arba'in a rana ɗaya, a filin ƙwallo, da rumfa da lasifika. Dokta Wiwin da abokan aikinta biyu suka shafe safiya suna bin yaran, yawancinsu daga ƙauyukan tudu, suna lallashi cewa allurar kamar cizon tururuwa ce, daga nan shi ke nan. Yaran suka yarda, suka jeru cikin sababbin zannuwa da huluna. Yaran tudu ba su san Mang Ukar ba. Mai lasifika ya miƙa masa abin magana ya ce ya gwada ko yana aiki. Da wani ne, ɗaya, biyu, uku zai ce. Shi bai san wani gwaji ba sai nasa.

Ina tsaye a bakin tukunya na ga yara arba'in sun tashi lokaci ɗaya kamar tsuntsaye. Suka bi ta ƙarƙashin rumfa, suka tsallake kwata, suka faɗa gonakin shinkafa, zannuwa a hannu. A daidai lokacin mahauta shida suka yanka zakaru arba'in, makaɗa suka saki, ni ma, kunya ba ta hana ni faɗa ba, na ɗaga murfi. Aka yi biki cikakke ba a taɓa ko yaro ɗaya ba. Iyaye suka wuni cikin taɓo suna kiran sunaye. Na ƙarshe a kan bishiyar kwakwa aka same shi, ya ce ba zai sauko ba sai an nuna masa gawar yaron da ya yi kukan.

Ban taɓa ganin likitar nan ta yi fushi ba sai ranar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira Mang Ukar gefe ta ce, "Mang, aikina shi ne yaro kada ya ji zafi, kada kuma ya ji tsoro. Yau ka rushe mini rabi."

Ya sunkuyar da kai. "In daina, Bu Dokta?"

Ta dubi yaron kan bishiya. "Je ka tsaya a gindinta ka sake yi, ya ga bakinka."

Ya je ya tsaya, ya ɗaga kai, ya yi. Yaron ya leƙo ya ga ƙaton mutum mai gashin baki yana kiran Ema. Dariya ta kusa kayar da shi. Ya sauko da kansa, shi aka fara yi wa. Daga ranar ta zama doka: kafin a kwantar da kowane yaro, Mang Ukar zai zauna a gabansa ya yi masa kala uku ya zaɓa. Yaro yana can yana tunanin wanne ya fi dacewa da shi, allura ta shiga bai lura ba. Likita ta ce mini ko a birni ba ta ga abin da ke ɗauke hankalin yaro kamar wannan ba, amma ba ta san yadda za ta rubuta shi a rahoto ba.

Shekara goma sha ɗaya yana yi. A tsakanin nan Komar mahauci ya auri 'yar Mang Ukar, suka haifi Lilis. Yarinyar ta zo da ƙafar hagu a karkace. Aka yi ta ɗauri ana kwancewa, ta miƙe ta sake komawa, har likitoci suka ce sai an yi aiki. Tana da shekara uku aka ba su rana a babban asibiti na birni. Na bi su da kwanukan abinci, don Bi Rumsih in hankalinta ya tashi ko ruwa ba ta iya dafawa. Komar ya taho da zakara a kwando ya ajiye wajen masu gadin babura. Aka ce masa ba kaciya ba ce. Ya ce ya sani, amma yanka yanka ne.

Likitan barci ya zo ya zauna da su. Ya ce za a sa yarinyar barci gaba ɗaya, tana cikin barcin a yi mata allura a can ƙarshen ƙashin baya. Allurar za ta kwantar da zafi daga ƙugu zuwa ƙasa, ta yadda in ta farka ba za ta farka cikin azaba ba. Ya ce ƙafafun za su yi nauyi na wasu awanni, kada su tsorata. Ni na ji wannan. Mang Ukar bai ji ba, don tun daga kalmar allura ya fara gyaɗa kai yana cewa, "Na sani, Pak Dokta, ai aikinmu ɗaya," yana ba wani mai jinya a gadon kusa labarin shekarunsa a fannin.

Da hantsi aka shiga da ita, kafin azahar aka fito. An naɗe ƙafar hagu da farin simintin asibiti, 'yan yatsu kawai suka leƙo. Ta buɗe ido, ta dube mu, ta ce tana son soyayyar ayaba. Uwarta ta yi dariya da hawaye. Mang Ukar ya matso ƙasan gadon ya kama babban yatsan ƙafar dama, mai lafiyar, ya ɗan ja shi yadda yake mata wasa a gida.

"Neng, 'yar jikata, wa ya kama ki?"

Ba ta janye ba. Ya matsa da ƙarfi. Tana ta maganar ayabarta.

"Neng, ɗaga ƙafar nan."

Ta yunƙura, ƙafar ta ɗan ja a kan zanen gado ta tsaya. "Ta ƙi, Aki," ta ce da kakanta.

Na buɗe baki zan tuna masa abin da likita ya ce, ban samu dama ba. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya rungume ƙarfen gadon, wani sauti ya fito daga ƙirjinsa da ban taɓa ji ba a duk zamanmu na maƙwabtaka. Kauri gare shi, da gurnani, kamar ɓauna ta maƙale a taɓo. Babu Ema, babu wayyo, babu kalma ko ɗaya. Kafaɗunsa suna rawa, gadon yana rawa.

Bi Rumsih ta dafa shi ta ce, "Wannan kuma na wane ne? Ban san shi ba."

Ya ci gaba da gurnanin, ita kuma ta ci gaba da tambaya.

"Ko na mutanen tudu ne? Bai yi daɗi ba, maigida. Yi mata na Darso, shi take so."

Komar yana baranda lokacin. Da ya ji, bai tsaya tambaya ba, ya sauka bene uku a guje. Daga baya masu gadi suka riƙe shi kusan awa ɗaya yana yi musu bayanin dalilin da ya sa ya yanka zakara a tsakanin babura. Matarsa kuma, don a gida an ce a sanar da su komai, ta kira waya ta ce a kai wa Nini Ucih, wadda lokacin ba ta iya tashi daga shimfiɗa. Aka kara mata a kunne. Ta saurara ta daɗe, sannan ta ce, "Wannan ai tsoho ne. Ya riga ya zama abin da zai zama."

Wata nas ce ta zo ta durƙusa a gaban Mang Ukar ta maimaita masa abin da likita ya faɗa, a hankali, sau biyu. Ta ce ƙafar barci take kamar yadda wurin yaransa yake yi, bambancin kawai wannan ya fi faɗi. Ya share fuska ya dube ta. Ya buɗe baki zai ce ya sani, sai ya fasa.

Bai tashi daga ƙasan gadon ba. Ya riƙe ƙafar dama da hannu biyu, bayan kowane ɗan lokaci ya matsa yatsan ya ce, "Yanzu fa?" Lilis ta ce a'a har ta gaji ta daina amsawa. Bai ci abincina ba. Wajen la'asar ya sake matsawa, ta harba ƙafar ta same shi a haɓa ta ce ya ƙyale ta. Nas ta riga ta ba ta maganin sha a kan lokaci, don haka da zafin ya zo ɗan ƙorafi kawai ta yi, ta koma barci da guntun ayaba a hannu.

A motar dawowa muka lura. Mang Ukar ya ce wa yaron mota a tsaya a mahaɗa, kowa ya waiga yana neman wanda ya yi magana. Siririyar muryar ta tafi. Wadda ta zauna a wurinta mai kauri ce, a dishe, ta dattijo ɗan shekara sittin da ɗaya. Aka ce gajiya ce. Ya sha citta, ya sha zuma, ya yi kwana bakwai ba ya magana sai da hannu. Dokta Wiwin ta haska maƙogwaronsa da tocila ta ce ba ta ga ciwo ba.

A kaciya ta gaba ya shiga ya zauna a kujerarsa. Likita ta buga ƙafa sau biyu. Abin da ya fito ya sa Komar ya saki zakaran, zakaran ya tashi ya haye rufin asibiti. Yaron da ke kan gado ya ce, "Mang, lafiya?" Mang Ukar ya tashi ya fito ta ƙofar baya, ya ɗauki kujerarsa ya tafi da ita gida.

Na yi zaton abin zai kwantar da shi. Sati biyu bai fito ba, daga nan na fara jin sa ta shinge yana kiran kaji da sabuwar muryar, yana maimaitawa, kamar mai gwada takalmi. Bi Rumsih ta ce mini wani lokaci in ya yi mata magana daga bayanta sai ta ja mayafi, ta ɗauka baƙo ne. Ya haƙa tafki a bayan gida ya zuba tarwaɗa. Lilis ta warke, tana ɗan ɗingishi in ta gaji, amma a guje take zuwa makaranta, shi yana biye da jakarta yana haki.

Bikin kaciya bai tsaya ba. Ashe matasa sun daɗe suna naɗar kukansa a waya, akwai wajen kala ashirin. Yanzu nas ɗin asibitinmu ce take riƙe wayar, likita ta buga ƙafa, ta danna. Nini Ucih ta rasu bara, ba wanda ya karɓi tabarmarta, sai dai kowace uwa ta fassara wa kanta yadda take so.

Makon jiya na yi girki a gidan wani jikan Aki Sarmili. Mang Ukar yana cikin baƙi, a zaune a inuwa da faranti a cinya yana jira. Kuka ya tashi daga ciki, aka yanka, aka kaɗa, na ɗaga murfi. Da na zo zuba masa na ga ya karkata kai yana saurare har ƙarshe.

"Wannan ranar mura nake," in ji shi. "Ji yadda na shaƙe a tsakiya. Da sun tambaye ni da ban bari an sa shi ba."

Ya miƙo farantin ya ce in ƙara masa barkono.